Yadda Za Ka Zama Gwanin Giyar Inabi Ba Tare Da Ka Kurɓa Ba

Kai ɗan'uwa da ka zo Dubai da alwalarka, aka tura ka aikin otal, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, cikin sati guda Turawa za su riƙa neman shawararka a kan abin da harshenka bai taɓa ji ba. Shaidata Abdul-Karim, ɗan zangon Kumasi, wanda ya shekara biyu yana wanke kofuna kafin manaja ta ce ya koma zuba wa baƙi giya, ko kuma ya manta da sabunta biza.

1. Haddace yadda ake yin ta

Inabi ake matsewa, a zuba a gangar katako, a bar shi ya yi tsami. A gidanku in abu ya kai haka, cewa ake ya lalace, a zubar. A nan shekarar da ya fara lalacewa ake rubutawa a kwalba, a ninka kuɗi. Abdul-Karim a cikin jirgin ƙasa ya haddace wannan, tsakanin Al Rigga da wurin aiki, mutane na zaton zikiri yake.

2. Riƙe kofi ta ƙafa

Kada ka damƙe shi kamar kofin shayi. Kama siririyar ƙafar, ɗaga sama, juya a hankali, ka ɗaure fuska kamar likitan da ya ga abin da ba zai faɗa ba. Mai ilimi ba ya murmushi da wuri.

3. Shinshina, sannan ka faɗi duk abin da ya zo bakinka

Ba mai ƙaryata ka, su ma lalube suke. Ranar farko Abdul-Karim ya ce wa wata Baturiya yana jin ƙamshin jar ƙasa bayan ruwan fari da ɗan ɓawon goro. Matar ta lumshe ido ta ce ita ma ta ji. Ba ta taɓa ganin goro ba.

4. In an ce ka ɗanɗana

Dafa ciki ka ce olsa. In an matsa, ka ce manyan gwanaye ma tofarwa suke yi, kai ka rage wa kanka tafiya ne.

5. In ka haɗu da na gida, ka yi tunani

A nan Abdul-Karim ya zame. Wata Laraba da rana sai ga Alhaji Badaru, mai harkar jigilar kaya a unguwar Al Sabkha, wanda ba ya rasa sahun farko a masallacin unguwarsu. Wani Bature mai kamfanin jiragen ruwa ne ya gayyato shi ɗanɗanon giya kafin su sa hannu a kwangila. Alhaji ya jiƙe sharkaf da gumi duk da sanyin ɗakin. Ya jawo rigar Abdul-Karim.

"Malam, ka rufa min asiri. Kwantena arba'in ke kan teburin nan, ni kuma ko warinta ban sani ba."

"Alhaji, ba matsala. Shwaiya, ɗan jira kaɗan."

Ya leƙa kicin, ya tsiyayo zoɓon da matarsa Faridatu ta haɗa masa, ya kawo a dogon kofi. Alhaji ya juya, ya shinshina, ya kurɓa, ransa ya dawo. Da ya yi shiru da an wuce wurin. Sai daɗi ya kwashe shi.

"Kai, wannan ta ji citta!"

Baturen ya miƙo hannu ya karɓi kofin. Ya sha, ya ƙara sha, ya tambaya ta wace shekara ce.

"Ta yau da safe," in ji Abdul-Karim, don ƙaryarsa ta ƙare.

Baturen ya yi dariya har da buga tebur, ya ce bai taɓa ganin ɗan kasuwa mai dabara haka ba, ya sa hannu. Manaja ba ta yi dariya ba. Ta ce khalas, magana ta ƙare, wanda ya shigo da abin sha daga gida ya koma bakin famfo. Biza dai ta sabunta, don masu wanke kofi ba su da yawa.

Ranar Juma'a Abdul-Karim ya miƙa wa Alhaji hannu bayan sallama. Alhaji ya karɓa da yatsu biyu, ya juya ga na kusa da shi ya ce, "Yaran nan masu aikin giya sai addu'a."

Gargaɗi

Ni dai bayani na yi. In an kore ka, in liman ya kira ka gefe, in labari ya riga ka isa gida, kada ka nemi lambata. Ban san ka ba, ban taɓa shiga otal ba, kuma wannan rubutun ma a ƙasa na tsince shi.