Na Tura Wakilai, Na Kwanta A Mota

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar ba, ranar da ni, mai furfura har a gira, na roƙi ƙasa ta tsage in shige. Ƙasar kuwa kwaltar Alexandria ce, can ƙasar Turawa, ba ta san wannan alfarmar ba.

Injiniyan ruwa ne ni kafin in yi ritaya. Aiki ya kai ni Yamai, ya kai ni Dakar da Hartum da Jidda, na kuma ɗan zauna a Istanbul. Ina jin Larabci da Faransanci da Turanci, ina da Wolof na cin kasuwa. Da na ajiye aiki muka tare a nan kusa da 'ya'ya, ni da matata Hajiya. A nan ne, da hayaniyar aiki ta lafa, na gano wani abu game da kaina wanda bai yi mini daɗi ba. Na yi faɗi kamar tafkin damina, amma wanda ya shiga zai ga ruwan bai kai gwiwa ba. Na san sunan abu a harsuna da yawa, ban taɓa zama da abu ɗaya har ya canza ni ba.

Maƙwabcina Mista Harold tsohon malamin lissafi ne, baƙar fata, ya girme ni nesa. Yana da zobe mai alamar kayan aikin magina, kuma wasu ranakun sai in ga ya fita cikin baƙar kwat. Na tambaye shi, ya ce taron 'yan'uwa yake zuwa, a wani zaure da suke kira loj. (Na san abin da mai karatu ya raya a ransa, ni ma shi na raya: ƙungiyar asiri, jini a ƙwarya. Na yi makonni ina gaishe shi daga nesa.) Da na matsa da tambaya ya yi dariya, ya ce sharaɗinsu na farko mutum ya yarda da Allah, kuma ba a gardamar addini ko siyasa a ciki. Ya ce suna da ranar da suke buɗe ƙofa ga baƙi, in je in gani da idona.

Na je. Ginin daga waje ba wani abu ba ne, jan bulo ne kamar tsohon gidan waya. Amma da muka hau bene aka buɗe ƙofar zauren, sai na ji ƙafata ta tsaya da kanta. Rufin shuɗi ne, an zana masa taurari, kuma ba zanen ado ba, kowanne yana mazauninsa. Na gane kaza da 'ya'yanta a can gefe. Daɓen baƙi da fari. Kujerun itace sun sha hannu har sun yi sheƙi. Irin shirun da ke ɗakin na taɓa jin sa a wata zawiya a Senegal bayan asuba, na kuma ji shi a ƙarƙashin wata ƙubba a Istanbul. Ban ce ɗaya suke ba, loj ba masallaci ba ne, su ma ba su ce shi ne ba. Shiru ne dai na wurin da mutane suka daɗe suna shiga da ladabi.

A gaba akwai duwatsu biyu, ɗaya gunduma yadda aka faso shi, ɗaya an sassaƙe shi sumul. Harold ya dafa na farkon ya ce, "Wannan ni ne ranar da na zo." Ya nuna ɗayan da haɓa. "Wancan ban kai ba tukuna."

Sai wani tsoho ya miƙe ya yi wa baƙi jawabi da ka, ba takarda, tiryan-tiryan kamar mai hadda, a kan igiyar nan mai ƙarfe a baki da magini ke saki don ya ga ko bango ya miƙe. Na yi rayuwata ina sakin wannan igiya a jikin bangon tanki da rijiya. Ko sau ɗaya bai taɓa zo mini ba in sake ta a gefen kaina. Na koma gida ban iya cin abincin rana ba. Ina son shiga, so irin wanda rabona da shi tun ina saurayi.

To, a nan matsalar ta fara. Ni dattijo ne, Bakano kuma. A wurinmu babban mutum ba ya buɗe baki ya ce a ba shi. Yana yabon abu, mai abin ya gane, ya yi tayi, shi kuma ya ɗan ƙi, a matsa masa, sannan ya karɓa. Haka na gani a Hartum, haka a Dakar, Turkawa ma sai sun yi maka tayi har ka gaji. Sai na shiga yabo.

"Wannan zaure naku, Harold, ya shiga raina."

"Yana da kyau," in ji shi, ya ci gaba da ba furanninsa ruwa.

"Mutum zai ƙaru sosai a irin wurin nan."

"Sosai kuwa."

Bazara ta wuce, ganye ya zuba, ƙanƙara ta sauka ta narke, ina yabo yana amsawa. Tayi bai zo ba. Na zauna na yi nazari irin na masu ilimi, na kuma kai ga sakamako irin nasu: ai laifina ne. Abu mai girma haka ba a nemansa ta kan shingen gida. Ni da na sha zama wakili a neman auren 'ya'yan mutane, yaya aka yi na manta? Manya ake turawa.

Na kira Alhaji Bala, tsohon abokina da ke Upper Marlboro, mutumin da in ya fara jawabi sai an ƙwace makirufo. Na kira Isufu, ɗan jarida, Badamagare, wanda tsakaninmu ba a gaisawa sai da tsiya, kamar yadda Kanawa da Damagarawa suka gada.

Alhaji Bala ya ce, "Injiniya, ka tabbata ba za a ce mu kawo ɗan fari ba? Nawa yana da iyali."

Isufu ya ce, "Bar shi, Alhaji. Bakano ya ji an ce akwai sirri, ya ɗauka na kasuwa ne."

Duk da haka suka yarda. Na je shagon 'yan Afirka na sayo goro fari da ja, mai kyau, da dabino da alawa, aka jera a kwando aka rufe da ƙyalle. 'Yan loj suna yin karin kumallo na jama'a wasu Asabar ɗin, su soya fanken Turawa su sayar don taimakon marasa lafiya. Na ce ranar ta dace, manyansu duk suna nan.

Bisa al'ada gida ya kamata in zauna. Amma an yi wa Alhaji Bala aikin ido, motar Isufu kuma tana gareji, don haka ni na tuƙa su. (Wannan ne dalilin da nake faɗa. Na gaskiyar shi ne zuciyata ba za ta bar ni in zauna ba.) Na ajiye mota a can ƙarshen fili ƙarƙashin wata bishiya, suka fita cikin manyan riguna suna baza ƙamshi, kwando a hannun Isufu. Ni kuma na kwantar da kujera.

Abin da ya faru a ciki daga bakin Isufu na ji, kuma ya ba da labarin a gidajen suna da yawa, kullum yana ƙara masa gishiri. Alhaji Bala ya nemi shugaba, aka nuna masa wani tsoho tukuf mai sandar dogarawa, shi ne mai jawabin igiya. Alhaji Bala ya sa aka ajiye kwandon a tsakiyar faranti da kwalaben zuma, ya gyara riga, ya fara. Ya ce sun zo ne a madadin ɗan'uwansu, mutum mai asali. Ya ambaci mahaifina da kakana da unguwarmu. Ya ce ba a taɓa jin kaina da kowa ba. Ya ce suna neman iri.

Tsohon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ba shi da lafiya ne?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"Ya san kun zo?"

Alhaji Bala ya yi murmushin wanda ya san kan al'ada ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan magana ta manya ce. Shi ba shi da baki a ciki. Abin da muka yanke shi ke nan."

Isufu ya ce har mai soya fanke sai da ya kashe wuta. Ashe babu abin da ya fi wannan tayar musu da hankali, domin a wurinsu duk wanda aka turo ko aka matsa wa ba ya shiga. Harold ya taso daga teburinsa ya ce, "Ina yake yanzu?" Alhaji Bala ya fara kewaye-kewaye. Badamagare kuwa ya nuna taga da ɗan yatsa.

Ni ina kwance ina lissafin yadda zan nuna mamaki in an kawo mini albishir, sai na ɗaga kai na leƙa. Ƙofa ta buɗe. Dattawa ne ke fitowa a jere, wasu da ƙyallen girki a ƙirji, ɗaya da cokalin juya fanke a hannu, suna tafiya a hankali saboda tsohon mai sanda yana gaba. Ko a lokacin, cikin firgici, sai da na ga kwarjininsu: ba mai gaggawa, ba mai wuce wani. Kuma ni suka nufo.

Mai hankali zai fito ya tarye su. Ni sai na zame ƙasa, na jawo hula na rufe fuska, na yi kamar barci. Mutum mai tsawona ba ya ɓuya a ƙaramar mota. Gwiwata ta danne hon.

Da ƙarar ta mutu sai na ji ana ƙwanƙwasa gilashi. Na sauke shi, hula tana bisa hancina.

Harold ya sunkuyo, fuskarsa ba wasa, ya ce a hankali, "Maƙwabci, mutanen nan tilasta maka suke yi? In haka ne faɗa mini, ba abin da zai same ka."

Daga bayansu na ji muryar Isufu da Hausa, yana kirana da "monsieur" ɗinsu na Faransanci: "Mushe Injiniya, fito mana. Ango ba ya kwana a mota."

Na fito, bel ɗin kujera ya riƙe mini riga, sai da mai cokali ya taimaka ya cire. Na fara bayani da Turancin da na yi shekaru ina shugabantar taro da shi, ya watse. Na ce al'ada ce, girmamawa ce, a wurinmu ba a... Harold ya dafa goshinsa.

"Yabon nan da kake ta yi," ya ce, "nema ne?"

Na ce nema ne.

"Ni kuma ina komawa gida in ce wa matata, yau ma bai tambaya ba. Ba ma gayyata, maƙwabci. An hana mu. Harshena har ya yi ciwo don cizo."

Tsohon mai sanda ya matso har ina jin numfashinsa. Idanunsa sun yi fari-fari don tsufa, amma da ya dube ni sai na ji kamar ni ne bangon da ake sakar wa igiya. Ya ce, "Duk wanda ka gani a nan, da alƙalin cikinmu da mai gyaran famfo, ya taɓa tsayawa gaban wani ya ce yana so, bai san amsar da za a ba shi ba. Abin da muke da shi ba shi da yawa. Amma daga nan yake farawa. Me kake so?"

Na dubi Alhaji Bala, ya ɗauke kai yana kallon bishiya. Rabon da in roƙi abu da bakina, inda za a iya ce mini a'a, na manta. Na ce, da wata 'yar murya da ban san ina da ita ba, "Ina so in shiga."

Tsohon ya karkato kunne ya dubi Harold. "Me ya ce?"

Wallahi har yau ban sani ba ko kurumta ce ko darasi. Na sake faɗa, da ƙarfi, har wata mata da ke saka yaro a mota ta waiwayo. Ba wanda ya yi dariya, ko Isufu. Tsohon ya gyaɗa kai ya ce, "To. Yanzu zo ka ci fanke, sauran magana tana da tsawo."

Tana da tsawo kuwa. An zo gida an gana da ni da Hajiya, an yi bincike, an jira, daga baya aka karɓe ni. Abin da ke bayan ƙofar ba zan faɗa ba, sai dai in ce har yanzu in na shiga zauren nan nakan rage murya ba tare da an ce in rage ba.

Na daɗe ina kiran halina kunya, kuma kunya abu ne mai kyau, ba zan zage ta ba. Amma a filin motocin nan na gane rabin tawa tsoro ne: wakili ana tura shi ne don in za a ce a'a, ta faɗa a kunnen wani. Yanzu in ina son abu, buɗe baki nake in tambaya, a ba ni ko a hana ni. Hajiya ta ce ita dai ta fi son yadda nake a da.