Rasuwar Tsohuwa, Farar Motar Baba Tokuji

Cikin baƙin cikin da ya cika mana zuciya, iyalan Tokuji Hamabe na sanar da rasuwar farar a-kori-kurarsu, wadda kowa ke kira Tsohuwa. A tafiyarta ta ƙarshe tana ɗauke da kwandunan lemo, da tsani, da kayan wankin ƙanena Shinpei. Injinta lafiya lau. Baba ne ya zare makulli, ya ce shi da ita har abada.

Marigayiya ta haura shekara ashirin tana hawa da sauka a gonakinmu na kan dutse. Da safe takan yi tari, kyaf-kyaf, sannan ta tashi. Babban halinta riƙe sirri. Duk mako tana kai Baba asibitin masu taɓin hankali da ke bayan tsauni, inda Shinpei ke jinya. Ƙauye kuwa ya ɗauka Shinpei yana aiki ne a birnin Osaka. Likita ya ce a kakar bana zai dawo gida.

Ciwon ajalinta ya faro ne daga satar lemo. An ce ɓarawon yana da farar mota. A nan kowa farar mota gare shi. 'Yan sanda suka manna mata wani baƙin akwati kamar sabulu a ƙarƙashi, mai faɗa musu duk inda ta je. Ba su nemi izinin alƙali ba. Daga baya suka bi gida-gida suna tambaya, me ke kai Tokuji wancan asibitin? Ba a same shi da lemon kowa ba. Amma maƙwabta sun daina tambayar yaya aikin Shinpei.

Genzo makanike ne ya ciro akwatin. Ya ce, "Tokuji, tsufa ya kama ka? Layar mota a madubi ake rataya ta, ba a gindi ba."

Baba ya yi abin da duk mai tarbiyya ke yi da tsintuwa. Ya naɗe akwatin a hankici, ya kai ofishin 'yan sanda. Suka rusuna, suka yi godiya.

Ni 'yarsa Fumika a Kanada na karanta aikin lauya. Na ce, "Baba, shaidarmu ka miƙa musu da hannu biyu."

Ya ce, "Ba namu ba ne. Abin da ba naka ba mayarwa ake yi. Can ba su koya miki wannan ba?"

Tsohuwa ta rasu ta bar Baba, wanda yanzu bas yake shiga, kansa a sunkuye. Ta bar Shinpei, wanda ya fasa dawowa.

Ranar Lahadi malamin haikali zai zo ya yi mata addu'a, kamar yadda ake yi wa duk kayan aikin da ya gama hidima. Ba a buƙatar furanni. Baba na son a kai ta wajen masu niƙa ƙarfe da zarar an tashi, magana ta mutu. Ya san idan muka kai 'yan sanda ƙara, a kotu sai an ambaci sunan ɗansa da ƙarfi.

Na tambayi mai sunan, Shinpei. Ya ce, "Yaya, me ya rage da ba su sani ba? Je ki."

A ƙarƙashinta, inda akwatin ya manne, akwai tabo mai kusurwa huɗu, fes a tsakiyar tsatsa. Genzo ya gani, kuma ya ce zai faɗa a kotu.

Za a yi addu'ar. Amma na ja ƙofar gareji na kulle, makullin yana aljihuna. Ba za a fita da gawar nan ba sai alƙali ya gan ta.