Nomau da Rigar Shekarau

Da na dawo daga Fatakwal bayan shekaru, mutum biyu na tarar a gidanmu: kakata Tabawa, wadda idonta ya tafi, da autanta Baffa Nomau, wanda duk abin da ka faɗa masa haka zai yi, ba ragi ba ƙari. Kakanmu Shekarau maɗinki ne. Rigar da ya ɗinka ta ƙarshe, tun ina yaro mutanen gidan tarihi na birni suka zo suka are ta, wai za a nuna wa baƙi a dawo da ita. Shiru. Ni kuwa zaman ƙauyen ya ishe ni, tunanin komawa kawai nake. Ita Kaka burinta ɗaya: ta shafa rigar nan kafin ta mutu.

Wata rana ta aiki Nomau ya dubo mata ko rigar na nan. Mai zagayawa da baƙi ya tara su a bakin ƙofa ya ce, "Ku biyo ni, kada kowa ya rabu da ni." Nomau ya bi shi ɗakin tukwane, ya bi shi ɗakin takubba, har gaban wani akwatin gilashi inda mutumin ya nuna rigar ya ce, "Wannan ba a san wanda ya ɗinka ta ba." Baƙi suka watse, Nomau na biye. Ya bi shi wurin mai shayi, ya tsaya masa a ƙofar bayi, da yamma sai ga shi a zauren gidansa.

"Malam, lafiya?"

"Kai ka ce kada a rabu."

Da ya dawo ya ce, "Inna, tana nan. Amma sun ce ba a san wanda ya ɗinka ta ba." Ranar Kaka ba ta ci tuwo ba.

Wata rana ya koma, mai gadi ya ja masa kunne: "Nan ba a taɓa komai." Aka yi ruwa, rufi ya riƙa ɗiga daidai kan akwatin rigar. Ga bokiti a gefe, Nomau ya harɗe hannu yana kallo. Wani babban baƙo ya miƙo masa hannu su gaisa, ya ja da baya ya ce, "An hana, ranka ya daɗe." Da tsintsiya aka raka shi waje.

Wata rana na ce bari in je da kaina, in yi musu Turanci. Muka je da Nomau, aka ce makullin akwatin yana hannun shugaba, mu jira shi. Na jira har la'asar, na yi zuciya na tafi. Nomau ya ci gaba da zama a kan benci, ko motsi ba ya yi, har 'yan yawon buɗe ido suka fara ɗaukarsa hoto. Shugaban ashe an yi masa canjin wurin aiki tun bara.

Don a rabu da shi, wani ma'aikaci ya ce, "Baba, mu aikinmu adana wa jama'a ne, ba mayarwa ba. In ma kuna da wani tsohon abu a gida, kawo, mu kula da shi."

Washegari Nomau ya ari baro, ya shimfiɗa zane, ya ɗora Kaka. Na bi su ina faɗa, bai ko waiwayo ba. Ya tura ta har tsakiyar ɗakin da rigar take, ana cikin zagayawa da 'yan makaranta.

"Ga shi. Duk gidanmu babu abin da ya kai ta tsufa."

Yara suka fashe da dariya. Kaka ta ce wa mai zagayawa, "Ɗana, ina rigar mijina?" Dariyar ta tsaya. Ta ce ba za ta sauka daga baron ba, ba kuma za ta fita ba. Da ma'aikatan suka ga idon yara na kansu, sai ga makullin da aka ce yana hannun shugaba ya fito daga aljihun mai gadi. Aka buɗe, aka miƙa mata rigar. Ta bi zaren ɗinkin da yatsa tun daga wuya har aljihu, ta kifa fuskarta a kai, ta ce, "Shekarau." Sannan suka zare ta daga hannunta, suka kulle.

Kaka ba ta ga kakar bana ba. Rigar na can, rufin na ɗiga. Amma da yake har yau ba wanda ya ce wa Nomau ya daina bin mai zagayawa, duk sanda mutumin ya kai gaban akwatin ya ce ba a san wanda ya ɗinka ta ba, sai a ji murya daga bayansa:

"Shekarau ne. Babana."