Mala'ikun Malam Bincike-ya-nuna

Daura ta yi manyan mutane, amma tun da aka haƙa rijiyar Kusugu ba ta yi kamar Malam Zakiyyu Sadiq ba. Wannan ba ra'ayina ba ne, nasa ne, kuma ya fi kowa kusa da kansa. Kwas na mako biyu ya je Abuja kan tarbiyyar yara, ya dawo da satifiket, da katin ratayawa a wuya, da wani gyaran murya irin na manya da yake yi kafin ya buɗe baki. Ko "ina kwana" ka ce masa sai ya kawo maka hujja. Shi ya sa 'yan teburin mai shayi suka raɗa masa Malam Bincike-ya-nuna. Da sunan ya iso kunnensa murna ya yi, ya ce ashe garin ya fara wayewa.

Wata ƙungiya ce ta ba shi aiki a wani ƙauye kusa da Baure. Aikin ba mai wuyar ganewa ba ne. Zai koya wa uwaye arba'in dabarun tarbiyya na mako goma sha biyu, ya bar wasu arba'in ba darasi, sannan a gwada a ga yaran wane ɓangare ne suka rage ƙiriniya. In sakamako ya yi kyau za a faɗaɗa shirin a jiha baki ɗaya, shi kuma ya zama kodineta, da ofis da mota. Tun kafin a zauna aji na farko Malam ya sa aka sassaƙa masa hatimi mai ɗauke da muƙamin.

Sai ya yanke hukuncin da ya tabbatar da zurfin iliminsa: da 'ya'yan fari kaɗai za a yi gwajin.

"Bincike ya nuna," in ji shi, "ɗan fari shi ne madubin gida. In ka gyara shi, ka gyara zuri'a."

Yanzu fa ko akuya a ƙauyen nan ta san uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta zancensa a gaban mutane. Ta kuma san da an yaye shi kaka take ɗauke abinta ta riƙe. Malam ɗan ƙasa ne, a nan aka yanke masa cibi. Amma mako biyu a otel mai na'urar sanyaya ɗaki ba ƙaramin wanki ba ne ga ƙwaƙwalwa.

Ranar rajista Iya Rabi ungozoma, wadda aka ɗora wa tara mata, ta cika masa harabar firamare. Matasan uwaye sun zo, tsofaffi kuma sun biyo 'ya'yansu da surukansu don su ga abin da ake rabawa. Takardar ƙungiya ta ce a raba mutane da ƙuri'a. Malam ya ga ƙuri'a aikin masu ƙaramin sani ne, shi idonsa ya isa. Ya tura matasa dama, ya ce su ne 'yan aji. Ya juya ga tsofaffi.

"Kuna da yaro a gida?"

Suka ce suna da shi.

"To, ku ne rukunin kwatance. Ku ba darasi, don bincike ya nuna ƙwaƙwalwa in ta wuce hamsin ta rufe rajista."

Iya Rabi ta matso ta ce, "Malam, da dai ka tsaya ka ji yaran nan a ina suke kwana."

"Iya, kimiyya ba karɓar haihuwa ba ce."

Ta koma gefe. Sau biyu ta sake gwadawa a makonnin baya, sau biyu yana ɗaga mata hannu kamar ɗan sandan kan titi.

Da aka zo rubuta sunayen yara, ya tambayi wata mai suna Fadila sunan ɗanta. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabi. Ya tambayi wata tsohuwa, Inna Rahama, sunan nata yaron, ta ce, "Maigidana." Da wani ne, da ya tsaya ya yi tunani. Malam kuwa sai ya yaba musu, ya ce sun riga shi fahimtar sirrin bincike, ya soke suna gaba ɗaya ya ba kowace mace lamba.

Aji ya kankama. Kowace Laraba Malam na tsaye gaban allo yana zuba hikima. "Ki durƙusa daidai tsawonsa. Ki kalle shi ido cikin ido. Ki kira sunansa da taushi, ki ce, ina alfahari da kai." Mata suka cusa hijabi a baki, kafaɗu na rawa. Ya rubuta a rahotonsa cewa darasin ya taɓa zukata har wasu sun yi kuka.

Bayan aji sai fom. Yaron ya yi faɗa a makon nan? A'a. Ya ƙi aike? A'a. Ya fasa wani abu a gida? A'a. Kuma wallahi ba wadda ta yi ƙarya. Yaron da ba ya gidanka ba zai fasa maka randa ba.

A ɓangaren tsofaffi kuwa fom ba ya isa, sai an juya bayansa. Inna Rahama kaɗai ta cinye biro biyu. Maigidanta ya kwance awaki sun shiga waken maƙwabta. Maigidanta ya jefa ƙadangare a tulun liman. Maigidanta ya aske wa ƙanwar abokinsa gira. Malam na rubutawa yana girgiza kai don tausayin jahilci, zuciyarsa kuwa fari ƙal, yana jin ƙamshin sabuwar mota.

In ka ji ganga na zaƙi, fashewa za ta yi. Ranar bayyana sakamako Hajiya Adawiyya, shugabar shirin, ta taso tun daga hedkwata. Malam ya sha babbar riga, katin wuya a samanta. Ya haska majigi a bango: ginshiƙai biyu na ƙiriniya, na 'yan aji ko tsawon turmi bai kai ba, na tsofaffi ya kusa taɓa rufi.

"Ranki ya daɗe, ƙiriniya ta ragu da kashi casa'in da biyar cikin ɗari. Ba a taɓa samun haka ba a Afirka. Ban ce ni ne silar ba, amma tarihi ba ya jin kunya."

Hajiya mace ce mai ƙarancin magana. Ta duba takardu ta ce tana so ta ga yara biyu da idonta: na lamba hamsin da biyu, wanda ya fi kowa ɓarna, da na lamba bakwai, wanda mako goma sha biyu ko tsaki bai yi ba.

Inna Rahama ta fita ta dawo riƙe da kunnen wani ɗan shekara bakwai, Mahdi, gwiwa duk ƙurji, aljihu cike da duwatsun gwafa. Malam ya nuna shi da sandar allo.

"Ga abin da rashin ilimin tarbiyya yake haifarwa. Yanzu a kawo mana mala'ikanmu. Lamba bakwai."

Ba wanda ya motsa. Fadila ta ja hijabi ta rufe fuskarta gaba ɗaya.

"Lamba bakwai, ina yaronki?"

Iya Rabi ta ce, "Ai ga shi nan kana nuna shi da sanda. Fadila ta haife shi, uwar mijinta ke riƙonsa tun yaye."

Hajiya ta ajiye biro. Ta ce duk 'yar ajin da ɗanta ke hannun wata tsohuwa a ɗakin nan ta ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi a hankali, cikin kunya, har talatin da huɗu. Wata uku Malam ya yi yana gwada yara da kansu, kuma sun kayar da kansu da gagarumin rinjaye.

Hajiya ta rufe fayil, ta ce wa direbanta ya tayar da mota. Zancen kodineta ko a sallama bai fito ba.

Malam ya yi gyaran muryar nan, ya bi ta har bakin ƙofa. "Ranki ya daɗe, wannan wata baƙuwar al'ada ce ta ƙauye da ba ta zo a littattafanmu ba."

Iya Rabi na naɗe tabarmarta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Baƙuwa, Zakiyyu? Kai ma ɗan fari ne. Kakarka Murjanatu ce ta riƙe ka har ka shiga sakandare, Allah ya jiƙanta. Ita ma dai ba ta shiga aji ba. Ka sa wannan a rahoton naka, shi kaɗai zai tsaya maka hujja."