Yadda Za Ki Zaɓa wa Dogon Mijinki Firam ɗin Goyon Nama Ba Tare da Ya Farga Ba

'Yar'uwa, in ke maharbiya ce gajera, Allah kuma ya haɗa ki da miji mai dogon baya wanda bai taɓa riƙe bindiga ba, matso kusa. Firam dai shi ne ƙarfen nan mai igiyoyi da ɗamara da ake goyon kaya da shi a baya; ki bi matakan nan daki-daki. Na yi miki alkawari kafin dusar ƙanƙara ta sauka, naman barewarki zai baro kan tsauni ya shige firiza, kafaɗarki kuwa ba ta san an yi ba. Ni Aslaug, 'yar Torstein na ƙauyen Lesja, na gwada wannan ilimi a kan nawa mijin, kuma har yau yana raye.

Mataki na ɗaya: Ki duba abin da kike da shi a gida

Kowa ya san harbi ba shi ne farauta ba. Harbi ƙiftawar ido ne. Farauta tana farawa ne lokacin da barewa ta faɗi a can ƙuryar tsauni, inda mota ba ta zuwa, aka tsaya ana kallon juna a ga wanda zai goya.

A gidanmu yayana Jostein ne mai goyo, har ranar da bayansa ya ce ya gaji, likita kuma ya goyi bayan bayan. Baba ya haura saba'in da biyar. Ya ajiye kofin kofi ya ce, "Bana ce farautata ta ƙarshe, in ma an yi ta. Ba zan harbi abin da ba za a iya saukowa da shi ba. In babu mai ɗauka, a ba maƙwabta izininmu na farauta."

Izinin da gidanmu ke riƙe da shi tun kakana! Na koma gida raina a jagule, sai na tarar da mijina Eilif yana canza ƙwan fitilar falo ba tare da ya taka kujera ba. Ɗan birnin Bergen ne, ma'aikacin ɗakin karatu, mutum har mutum, tsawo har tsawo. Ranar aurenmu Baba ya ɗaga kai ya dube shi ya ce, "Wannan Dogon me ake yi da shi, tsinkar tuffa?" Na tsaya ina kallon wannan baya mai faɗi da tsawo, wanda ba a taɓa ɗora masa abin da ya wuce rigar ruwa ba, na ce a raina ashe muna zaune da dukiya muna kukan talauci.

Mataki na biyu: Ki auna shi, amma kar ki faɗi dalili

Tsawon mutum daban, tsawon bayansa daban. Wani dogon duk ƙafa ne, ba shi da amfani. Ke baya kike nema. Ki sa shi ya sunkuyar da kai, ki laluba ƙashin nan da ke tasowa a gindin wuya, ki aza tef daga nan ki gangaro har daidai saman ƙashin ƙugu.

Ki ce rigar sanyi za ki saƙa masa.

"Aslaug, yaushe kika fara saƙa?"

"Tsaya cak, kana karkata mini tef."

"Hannuwan fa, ba za ki auna ba?"

"Marar hannu ce."

Kakata takan ce namijin da ake aunawa ba ya tambaya sau uku, don yana zaton gata ake masa. Ban tabbata ta faɗa ba, amma ya kamata a ce ta faɗa.

Mataki na uku: Kar ki ara

Rowa za ta raɗa miki cewa ga firam ɗin yayanki a rataye, me ya sa za a sayi sabo? Kar ki saurare ta. Jostein gajere ne kakkaura. Da muka ɗaura wa Eilif firam ɗin Jostein, da sunan a taya Baba kai itace bukka, ɗamarar da ya kamata ta zauna a ƙugu sai ga ta a haƙarƙari. Ya fito kamar babban mutum da ya ƙwace jakar ɗan firamare. Nauyin duka ya rataye a kafaɗa, kafin ya kai bakin shinge hannuwansa sun mutu, wuyansa ya miƙe gaba kamar na agwagwa.

Baba ya yi dariya har ya ƙware. A shekaru tara na aurenmu, ranar ce ya fara jin daɗin surukinsa.

Mataki na huɗu: Ki kai shi kanti da sunan sayen safa

Ki fara buga waya ga mai kantin kayan farauta. Tamu Magnhild ce, a garin Otta, mace mai riƙon sirri. Muna shiga ta tafa hannu ta ce, "Kai, bawan Allah, taimaka mini! An kawo mini wani firam na dogaye, duk garin nan na rasa wanda zan gwada a bayansa." Ɗan Bergen ba ya iya cewa a'a ga mace mai neman taimako. Ya ajiye safa ya juya baya.

Ga abin da za ki lura da shi yayin da ake sa shi hira. Kan firam ɗin ya zarce kafaɗunsa sosai, ta yadda ƙananan igiyoyin nan biyu na sama za su tashi daga kafaɗa su hau, ba su kwanta ba. In sun kwanta, firam ɗin ya yi masa kaɗan, ki mayar. Ɗamarar ta zauna ɗaram a kan ƙashin ƙugu, mai kauri, wadda ba ta zamewa. Ki kama firam ɗin ki murɗa da duk ƙarfinki. In ya lanƙwashe a hannunki, ina ga ranar da aka aza masa cinyoyi biyu da ƙirji? Sannan kar ki yarda da gwajin firam fanko. Fanko kowane firam aljanna ne. Magnhild ta ɗora masa buhunan yashi, ta sa shi hawa bene da sauka.

Kada kalmar "nama" ta fito daga bakinki.

"Wannan 'yar kantar da ke ƙasan firam ɗin, ta mece ce?" in ji Eilif.

"Ta littattafai," in ji Magnhild, ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Ki yaba. Ki ce ya yi masa kyau, ki ce bai taɓa miƙewa haka ba. Kuɗin kuwa ki biya da idonki a rufe. Da za mu fita kan firam ɗin ya doki saman ƙofa, ƙararrawar kantin ta faɗo. Wannan alama ce kin sami daidai.

Mataki na biyar: Ki horar da shi da dankali

Kar ki kira shi horo. Ki ce Baba na bukatar buhun dankali, gidansa kuma yana kan tudu, motar kuma tana wani irin ƙara. Gobe ki ce itace. Jibi gishirin tumaki. Kafin wata ya ƙare gidan Baba ya cika da dankalin da ba zai cinye ba har ya mutu.

Wata rana da yamma Eilif ya dawo jiƙe da gumi, ya kwance ɗamarar, ya zauna a bakin ƙofa.

"Aslaug, rigar sanyin nan tawa fa?"

"Zare ya yi tsada."

Ya yi murmushi. "Ai na san nama zan ɗauko. Tun ranar tef na gane."

"To me ya hana ka magana?"

"Tsoro nake kar ki fasa. Duk kaka kuna tafiya ku bar ni da kyanwa. Ba wanda ya taɓa cewa in zo."

A nan, 'yar'uwa, ki shiga kicin ki ce albasa za ki yanka. Ƙwararriya ba ta bari a ga idonta ya kawo ruwa.

Mataki na shida: A kan tsauni, ki toshe masa baki

Barewa na jin motsi daga nesa, ɗan Bergen kuwa ba ya iya ganin dutse bai ba da labarinsa ba. Ki cika aljihunki da burodi da cuku mai ruwan ƙasa. Da ya buɗe baki ki tura.

Mun fita da sanyin safiya mu uku. Wajen tsakar rana garken ya bayyana a bayan wani tudu, muka ja ciki a kan gansakuka, Baba ya ɗora bindiga a kan dutse. Hannunsa da ke rawa in zai zuba kofi, ranar ko motsi bai yi ba. Harbi ɗaya, babban namiji ya faɗi. Baba ya cire hula ya tsaya a kansa.

Lokacin fiɗa ki ba mijinki aikin dafa kofi, ya juya baya. Nawa ya leƙo sau ɗaya, fuskarsa ta koma kalar madara.

Wajen lodi, nauyi ya manne da baya, kar ya yi lilo, kar ya zauna can ƙasa. Ɗamarar ƙugu za a fara ja, sai na kafaɗa, sai na sama. Eilif ya durƙusa, ya dafa gwiwa, ya miƙe da kusan dukan barewar a bayansa, ya ce, "Shi ke nan?"

Baba ya ce, "Hm."

A Lesja wannan jawabi ne mai tsawo.

Mataki na bakwai: In abu ya ɓaci, ki nuna kamar da ma kin tsara

Muna gangarowa, wajen tsallake wani rafi, dutse ya juye a ƙarƙashin ƙafar Baba. Na ji ƙarar faɗuwarsa kafin in waiga. Muka jawo shi gefe, rabin jikinsa a jiƙe, idon sawunsa ya fara kumbura tun kafin a cire takalmi. Ya gwada tsayawa ya koma ya zauna. Hazo kuma ya taso daga yamma, iska ta juya, mota tana can nesa. Na ga leɓensa ya fara canza launi.

Na ciro waya ina neman layi.

"Wa za ki kira?"

"Masu jirgin ceto, Baba."

"In jirgi ya sauka a nan, kafin in kai asibiti duk Lesja ta ji. Mayar da abin nan aljihu." Bai ma bukaci faɗa ba, ko ɗigon layi babu.

Eilif ya kwance ɗamararsa. Ya sauke naman, ya tura shi cikin wani kogon dutse, ya danne da manyan duwatsu saboda hankaki. Ya cire busasshiyar rigarsa ya sa wa Baba. Sannan ya ajiye firam ɗin a gabansa, ya shimfiɗa fatar barewar a kan kantar.

"Baba, bismillah."

"Dogo, kanka ɗaya? Ni cinyar barewa ne?"

"A'a, Baba. Cinyar barewa ba ta gardama."

Na zaci Baba zai jefe shi da takalmi. Sai ya dubi hazon, ya dube ni, ya ja jiki ya zauna. Muka ɗaure shi da igiyoyin nama, baya da baya, fuskarsa na kallon inda muka baro. Eilif ya ja ɗamara ya miƙe a hankali. Ni kuma na rataya bindigogi biyu, da tukunyar kofi, da gadon bayan barewar da Baba ya rantse ba za a bari ba.

Da farko umarni yake ta bayarwa. "Dama! Na ce dama! Damata ni, ba taka ba!" Daga baya ya bar umarni. Tsaunin yana ja da baya a gaban idonsa, sai ya fara nuna wurare da sanda. Can ne mahaifinsa ya fara ba shi bindiga. Can ne ya ɓata a hazo yana saurayi, ya kwana rungume da kare. Can gindin dutsen ne ya tambayi Inna ko za ta aure shi, ta ce sai ya fara wanke hannu. Ni 'yarsa ban taɓa jin ko ɗaya ba. Eilif, wanda ba ya iya shiru ko a coci, yana taka dutse ɗaya bayan ɗaya, gumi na ɗiga daga hancinsa, bai katse shi ba.

"Dogo," in ji Baba can, "daga nan sama haka kake ganin duniya kullum?"

"Kullum, Baba."

"Ba laifi."

Da muka hango rufin motoci ya buga firam ɗin da sanda. "Sauke ni bayan dutsen can." Ya ƙarasa da ƙafa ɗaya, rataye da hannun surukinsa. Maƙwabcinmu Oddvar na zaune a bayan motarsa yana shan kofi, ya dube mu sama da ƙasa ya ce, "Torstein, ina naman?"

Baba ya ce, "Mun bar shi ya sha iska. Wannan zai koma gobe ya ɗauko. Kai wa ke ɗauko maka naka?"

Washegari Eilif ya koma ya ɗauko, ko tsoka ɗaya hankaki bai taɓa ba. Likita ya ce targaɗe ne mai tsanani, amma da Baba ya kwana a jiƙe a can sama, da labarin ya sha bamban.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ta da alhakin duk abin da ya biyo baya. In mahaifinki ya warke ya ce ya fasa ritaya tunda yanzu yana da abin hawa, ba ruwana. In kika tarar ya sa an ɗinka wa kantar matashi, ya kuma ɗaura mata mariƙin kofi, ba ruwana. In su biyun suka fara tafiya kamun kifi ba su gaya miki ba, ki kai ƙara wani wuri, ba nan ba.

Musamman kuma ba na karɓar ƙorafi a kan wannan: kantar firam ɗaya ce tak, ba ta ɗaukar tsoho da barewa a tare. Bana da muka gangaro, Baba na zaune a sama a bayan Eilif yana kaɗa ƙafa, ni ina biye da cinyoyi biyu a bayana, ina ganin taurari da rana tsaka. Shi da yake ni yake fuskanta, ya kurɓi kofi ya dube ni da tausayi ya ce, "Aslaug, ɗaga ƙafa mana, 'yata. Naman zai yi ɗumi."