Kan Ragon da Na Auna da Alli

Shekarar da soja suka miƙa mulki ina ɗalibin lissafi, ina shirin binciken yadda ƙwaƙwalwa ke aiki. Da na zo hutu Cadawa, na ce sai na gan ta da idona. Na sayi kan rago a kasuwa. Mahaucin ya ce, "Malam, in fasa maka?" Na ce masa wannan aikin masu ilimi ne.

Na tara mutanen gida, na auna kan, na ja layi da alli, na sauke gatari. Rabin ƙwaƙwalwar ya fallatso mini a fuska, rabi kaji suka wawashe.

Inna ta ce, "To, kaji dai sun ƙaru."

Har yau, duk Sallar layya, da alli ake miƙo mini kan rago.