Ko Ya Yafe Mata?

"Lafiya lau, tsohuwa. Ya gwiwar? Ko har yanzu tana neman ritaya?"

"Gwiwata ta fi fuskarka kyan gani. Ina saƙona?"

Haka suka fara, ko takalmi bai cire ba. Ina kicin ina jin su, don a ɗan flat ɗinmu na Edmonton, nan ƙasar Turawa, ko a banɗaki ka yi tari sai na falo ya ce maka sannu. Abba ɗana ne, yana shekarar ƙarshe a jami'a. Inna kuma mahaifiyata ce. Bara ta zo aikin gwiwa, tana kwance a asibiti Baba ya rasu a Zariya, kafin allurar barci ta sake ta an kai shi makwancinsa. Abin da ke cin ta shi ne maganarsu ta ƙarshe faɗa ce, a kan ya ƙi shan magani, kuma ita ta kashe masa waya.

Tun daga nan ba ta son baƙi, ba ta kallon talabijin. Sai jarababben littafin zanen nan na mutanen Japan da Abba ke tarawa, wai manga. Ba ta iya boko ba, amma da ta ga daga dama ake buɗe shi, ta ce lallai masu shi sun yi makarantar allo. Shi yake fassara mata. Labarin wata ce da saurayinta ya mutu suna fushi da juna, fatalwarsa tana zuwa mata duk ranar da aka yi ruwa, amma ba ya magana. Littafi goma sha ɗaya Inna tana jiran ya buɗe baki. Ranar nan na ƙarshe ya fito, tun safe ta kore shi sayowa.

"Babu," in ji Abba. "Jirgin ƙasa aka yi cancel, ban isa shagon ba."

"Mijin banza, an aike ka da ƙafa ka dawo da baki. Me ya kumbura aljihun rigar sanyinka?"

"Takardar sakinki ce. Na gaji da mace mai gwiwar ƙarfe, ko'ina muka shiga na'ura sai ta yi kuka."

"Sake ni mu ga mai kwasarka, da kunnuwa kamar na tukunya. Miƙo."

Ya fito da shi, amma ya ƙi sakar mata.

"Inna, bar shi kawai. A bas na gama shi, har na wuce inda zan sauka. Shekara huɗu ina bin mai zana littafin nan. Zanensa ba a magana, in ya zana ruwa har sanyi kake ji. Amma ƙarshen shara ne. Mugu ne, ba shi da imani ko kaɗan."

"Wanda ya faɗi jarrabawar tuƙi sau uku shi zai gaya min ƙarshen littafi? Zauna. Abu ɗaya nake tambaya. Ya yafe mata?"

Na leƙo da ludayi a hannu na zare masa ido. Wallahi so nake ya yi mata ƙarya. Na gaji da jin uwata tana neman gafarar mamaci a kan sallaya, tana zaton ba na ji.

Ya gane. Ya buɗe shafin ƙarshe ya ɗora yatsa.

"Ga shi nan. Ya ce mata ya yafe, ta daina kuka."

Inna ta gyara tabarau ta daɗe tana dubawa.

"Makauniya ka mayar da ni? In mutum ya yi magana, ƙwai ake zana masa kusa da baki a cika da rubutu. Ina ƙwan? Shi kansa ma ina yake?"

Abba ya sunkuyar da kai.

"Bai zo ba. An yi ruwa, ta fito da laima biyu, shafi shida tana tsaye. Shi ke nan."

Na sauke ludayin. Ita kuwa ta koma baya tana buɗe shafukan ɗaya bayan ɗaya, har ta ƙirga shidan.

"Ka ce mugu ne? Wannan bawan Allah ya taɓa rasa nasa. Haka mamata suke, ba sa cewa komai."

"Ni dai tauraro ɗaya zan ba shi a intanet."

"Ba shi biyar, jahili." Ta yi wata dariya da na gwammace a ce kuka ta yi. "Amma ka ci ni. Ni na yi ta rantsuwa zai yi magana."

Ta sa hannu ƙarƙashin matashinta ta zaro hular Baba, wadda aka aiko mata bayan arba'in, ta hana kowa wankewa.

"Ungo. Na gaji da ajiye wa mutumin da ba zai zo ba."

Abba ya karɓa da hannu biyu ya ɗora. Ta tsaya can saman sumarsa, ta ƙi shiga.

"Ta yi min kaɗan, tsohuwa."

"Kanka ne ya yi yawa, kuma ba komai a ciki. Cire, kar ka buɗa masa ita."